Tsohon da Ke Zama Gefen 'Yan Amshi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, wannan babu mai ja. Kakana, mahaifin babana, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a ƙauyenmu da ke bayan Makarfi, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke ƙasa ya ce yaron nan ba shi da tawakkali. Ina da shi. Haushi ne dai ya yi mini yawa, in ban faɗa ba kuwa cikina zai kumbura.

Kwana biyu ina zaune a bakin tabarma ina sauraren masu ta'aziyya. Duk wanda ya zo, in ya gama "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri", sai ya ɗora nasa. Wannan ya ce manomin rake ne na gaske, gonarsa ko ciyawa ɗaya ba ka gani. Wancan ya ce mazarƙwailarsa ba a taɓa tauna yashi a ciki ba. Liman ya ce sahun gaba ya yi rashi. Wata tsohuwa kuwa ta shiga cikin gida tana sharɓar kuka, tana cewa mutum ne da ba ruwansa da hayaniya, daga gona sai masallaci. A nan na kusa shaƙewa da ruwan da nake sha. Daga gona sai masallaci? Mutumin da ni da kaina na sha goya shi a babur zuwa tasha, mu hau mota mu tafi Zariya kallon makaɗa?

Ba na cewa ƙarya suka yi. Duk gaskiya ne. Amma rabin mutum suka kawo mana, suka bar rabin a waje. Kuma da a baki kawai aka bar shi a waje, da na haɗiye na yi shiru. A'a, har da ƙafafunsa rabin nan ya zo ƙofar gidanmu, aka kore shi.

Ga yadda aka yi. Rana ta biyu da azahar aka aike ni Makarfi sayen ruwan leda. Kafin in dawo, wasu tsofaffi uku suka iso a kan babur ɗaya, suka yi sallama, suka tsaya daga gefe suna jiran a ce musu bismilla. Wani a cikin mazauna tabarma ya gane su, ya raɗa wa Baffa cewa maroƙa ne, 'yan amshin wani mawaƙi ne da ya rasu tuni. Baffa shi ne wan babana, babban ɗan Kaka, yana da shagon taki a Ikara, mutum ne da ake jin nauyinsa. Bai tambaye su daga ina ba, bai tambaye su me ke tafe da su ba. Ya sa aka auno masara mudu biyu aka miƙa musu, ya ce a gaya musu nan gidan makoki ne, su yi haƙuri sai wani jiƙon. Suka karɓa, suka yi addu'arsu a tsaye, suka juya.

Da na dawo aka ba ni labari ana dariya, wai maroƙan yanzu ko makoki ba su bari ba. Na ce a kwatanta mini su. Aka ce ɗaya dogo mai farin gemu, ɗaya gajere mai wushirya, ɗaya kuma ido ɗaya gare shi. Na ajiye ledar ruwan a ƙasa na zauna a kanta. Duk cikin mutanen da suka tako ƙofar nan, babu waɗanda Kaka zai miƙe ya tarba da gudu kamar waɗannan ukun. Tun daga lokacin ba ni da wata magana sai ɗaya: a dawo da su, a zaunar da su kan tabarmar nan kafin a yi addu'ar bakwai a watse.

To bari in gaya muku ko su waye, don in ban yi bayani ba ku ma za ku ce na cika zaƙewa.

Ni gyaran waya nake yi a Makarfi. Ban yi makarantar kiɗa ba, ban ma san inda take ba. Abin da na sani, rabi na tsinta a wayoyin da ake kawo mini, rabi a gefen Kaka. Ranar da ya fara ɗaukata, ce mini ya yi in raka shi Zariya sayen bel ɗin injin matsar rake. Muka sauka a mota, muka wuce masu sayar da bel ɗin ko kallonsu bai yi ba, muka miƙe har ƙofar wani tsohon gidan silima. Ya ce tun zamanin Turawa aka gina shi. Katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, da wata 'yar tagar sayar da tikiti wadda hannu kaɗai ke shiga. Ciki kuwa rabin baya da rufi, rabin gaba sararin Allah. Bencina na siminti, sun sha zama har sun yi santsi. Bangon da ake haska fim yana nan fari, duk da ya yi dabbare-dabbare. Fim ya daɗe da mutuwa a wurin, amma da salla da kuma bayan girbi akan kawo makaɗa, a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba.

Wallahi wurin nan abin mamaki ne. In ka tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya, bangon zai maido maka da tafinka cif, kamar wani ya amsa. Waɗanda suka gina shi sun san kan sauti, ba irin ɗakunan taron yanzu ba da magana ke yawo a ƙarƙashin rufin kwano tana dukan juna. Kalangu in aka matse shi a hammata a wurin nan, kana jin fatar tana miƙewa. Kukuma kuwa, ita da izgar doki ake yi mata tsirkiya, a goga mata ƙaro, to har ƙaiƙayin ƙaron kana ji. Kun gani, na fara. Haka Kaka ke cewa in na soma zuba sai an toshe ni da tsumma.

Kowa in ya shiga, tsakiya yake nema, daidai inda mawaƙi zai tsaya, don a gan shi in ya tashi liƙi. Kaka ban da shi. Can gefen hagu yake ja na, kusa da wani ginshiƙi da ya tsage, inda ba ka ganin fuskar mawaƙin sai ƙeyarsa da kafaɗar babbar rigarsa. Na yi ƙorafi na ce mun biya tikiti za mu kalli ƙeya. Ya ce in rufe baki in buɗe kunne. Ashe daidai nan 'yan amshi ke tsayawa, su uku a jere, ba kalangu ba komai, sai maƙogwaro.

Shi Kaka ba mawaƙi yake zuwa ji ba. 'Yan amshi yake zuwa ji. Na san abin zai ba wasu dariya, ni ma ya ba ni da farko. Amma shi ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce in saurari inda numfashin mawaƙi zai ƙare. Kafin ya faɗi, sun riga sun shigo sun tare shi, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Ya ce in lura da dogon, shi ke riƙe ƙasa. Mai wushiryar ke hawa sama. Mai ido ɗayan shi ke ɗinke su, in ka cire shi sauran biyun za su watse. Sannan ya koya mini babban sirrin: in ka ji an maimaita amshi sau biyu, sau uku ba dalili, to mawaƙi ne ya manta baiti, su kuma suna rufa masa asiri har ya tuno. Jama'a na can suna ihu wai salo ne. Ranar da na kama wannan da kunnena na juya na dube shi, ya ɗan taɓe baki, ya ce ashe kunnen nawa ba na ado ba ne.

Bai taɓa liƙi ba. Ya ce goshin mawaƙi ba ya rasa mai manna masa. Abin da yake zuwa da shi mazarƙwaila ce guda uku, ƙulle a tsumma mai tsabta, a aljihun 'yar shara. In an tashi, jama'a sun yi caa a kan mawaƙi, shi sai ya zagaya ta bayan dandamali ya miƙa wa kowannensu ɗaya, wai don maƙogwaro. Ba doguwar hira suke yi ba. Zai ce wa dogon, yau ka ɗan yi nauyi a waƙa ta uku. Dogon ya ce mura ce, Alhaji. Shi ke nan, sai mu kama hanyar masallaci mu yi magariba mu nemi mota.

Kada ku ɗauka tafiya da shi daɗi ce zalla. Tsohon nan ya wahalar da ni. Tun azahar yake sa mu isa, ƙofa ma ba a buɗe ba, mu tsaya a rana, wai yana so ya ji lokacin da ake ɗaure kalangai ana gwada su. Zai tura ni tagar tikiti in tambayi su waye masu amshi yau. Mai tikitin ya leƙo ya dube ni kamar na zare, ya ce shi sunan mawaƙi aka ba shi, wa ya damu da na baya. In na gyaɗa kai ba daidai ba, Kaka ya zungure ni da gwiwar hannu. In na tambaye shi sunan waƙa, ya ce sunan zan ci? Wata rana na ɗaga waya ina ɗaukar mawaƙin da sanƙiransa, mai yi masa kirari ke nan, sai na ji sanda ta sauka a hannuna.

"Kai ma irinsu ne ashe," in ji shi. "Ka ga babbar riga ka bi."

Na ce, "Haba Tsoho, ai don in ajiye tarihi ne."

"Tarihin ƙeya? Da ka zauna a gida Iyarka ta juya maka tata ka ɗauka."

Mako guda bai kula ni ba. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Amma rigimar da ba zan manta ba ita ce tasa da mai kayan sauti. Lokacin mawaƙin da mutanen nan uku suka yi wa amshi tun suna samari ya riga ya rasu, sai wani matashin mawaƙi ya ɗauko su don a ce yana da tsofaffin hannu. Ya zo da fiyano da manyan lasifikoki. Shi makirfo biyu, su ukun aka ba su ɗaya, kuma aka rage shi har ba ka jin komai sai fiyano tana ƙara kamar injin niƙa. Bakunansu na motsi, sauti babu. Kaka ya jure waƙa ɗaya. A ta biyu ya miƙe, ya ratsa mutane da sandarsa, ya je ya tsaya a kan mai kayan sautin, wani ƙato mai gilashi. Ni ina biye da shi ina roƙonsa ya rufa mana asiri.

Ya tambaye shi wanne maɓalli ne na mutanen can uku. Mutumin ya ce Baba koma ka zauna, wannan aikin masana ne. Kaka ya ce shi ma masani ne, ya san ya biya tikitin jin mutum huɗu an ba shi ɗaya da injin niƙa. Mutumin ya yi banza da shi. Sai Kaka ya juya ya jingina bayansa da babbar lasifikar, ya buɗe 'yar shararsa ya rufe ta, ya ce to yau kowa ya huta. Mutane suka fara dariya, wasu na cewa a ƙyale tsoho, wasu na cewa a fitar da shi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Da mutumin ya ga abin zai zama abin kallo, ya murɗa musu sautin. Muryoyin nan uku suka tashi suka daki bangon suka dawo. Kaka ya gyara hularsa ya koma gindin ginshiƙinsa, ya ce mini in daina rawar jiki kamar ɗan akuya a ruwan sama.

Sau ɗaya kuma ruwan bazara ya sauko ana tsakiyar wasa. Kowa ya ruga baya inda ke da rufi, mawaƙin ma aka janye shi da lema. Su ukun ba wanda ya ce musu su tsaya, kuma a aikinsu ba a yanke amshi a tsakiya, sai an kai shi gida. Kaka ya zauna daram a cikin ruwan har suka sauke, don kada su ƙarasa wa bencina. Da muka dawo ya kwana uku yana tari, ya ce wa mutanen gida sanyin mota ne.

To a nan ne haushina ya koma kansa shi ma, Allah ya gafarta masa. Duk wannan abin, a ɓoye yake yinsa. Kullum bel ɗin inji. Injin nan namu ya ci bel a baki fiye da duk injinan ƙasar Zazzau. Na sha ce masa ya faɗa wa 'ya'yansa mana, ai ba sata yake yi ba, ba giya yake sha ba, sallarsa kuma ba ta taɓa wuce shi a can ba. Sai ya ce Baffanka mutum ne mai son a ga girmansa, kada in zubar masa. Ga shi nan kuwa. Ya adana wa Baffa girma, Baffa ya ɗauki girman ya kori aminansa da mudun masara. Tsoho, wannan laifinka ne, kuma da kana nan da na faɗa maka a gaban idonka.

Rana ta uku bayan an yi addu'a mutane sun ragu, na sami Baffa a zaure, na durƙusa na zayyana masa komai. Na san na yi sauri, na san na haɗa da bayanin yadda ake ɗaure kalangu wanda ba shi ya tambaya ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in san abin da bakina ke faɗa, mahaifinsa ba ɗan kallo ba ne. Na ce Baffa, ni na zauna kusa da shi. Ya ce to ni na ja shi, tsufa ya sa ya biye mini. Na ce ai tun ba a haifi babana ba yake zuwa. Ya ce in tashi in ba shi wuri, kuma in ya ƙara jin maganar nan a bakin wani, ni da shi ne.

Ban san wanda ya kai wa Iya labari ba. Iya ita ce matar Kaka, kakata, tana ɗaki tana takaba. Washegari ta aiko a kira mu mu biyu. Ku sani Baffa ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Yana durƙushe a bakin ƙofa, ita kuwa ni take kallo.

"Angona," ta ce, don haka take kirana, "gaya wa wancan, bel ɗin inji sau ɗaya ake sakewa a shekara. Ni ba yarinya ba ce."

Na juya na dubi Baffa. Ya ce ya ji, ba sai na maimaita ba.

"Tambaye shi, wa yake zato ke wanke tsumman nan, ya ƙulla mazarƙwaila uku-uku? Aljanu?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Ya fara cewa ai abin da mutane za su ce ne, ta katse shi, har yanzu idonta a kaina. Ta ce in gaya masa mutane sun ci tuwon makoki sun tafi gidajensu, ita aka bari da sanin wanda aka kora. Ta ce ba aike za a yi ba, wanda ya auna masarar shi zai taka. Daga nan ta ja carbinta, ta juya mana baya.

Baffa na da mota, amma ya ce a babur ɗina za mu je, wai hanyar ba kyau. Ni na san don kada a ga motarsa a ƙofar maroƙa ne. Dogon a Likoro yake, ta wajen Kudan. Tun daga gida har can Baffa bai daina mita ba. Wai ina gudu, ina faɗawa rami da gangan, yaran yanzu ba su da ta ido, Iya ma tsufa ne. Na ci gaba da tuƙina, don na san in na buɗe baki zan ajiye shi a tsakiyar gonar dawar wani.

Muka same su su uku a ƙofar gidan dogon, zaune a kan wata tsohuwar tabarma, ba kowa tare da su. Lokacin yankan dawa ne, duk garin na gona, su suna zaune. Suka miƙe suka ba Baffa kujera 'yar tsugunno. Aka shiga gaisuwa. An tambayi gida, an tambayi iyali, an tambayi gajiya, aka koma aka sake tambayar gida. Baffa ya tambayi yadda dawa ta yi bana. Ya tambayi wane taki suka sa. Wallahi har ya fara ba su shawarar irin da ya fi dacewa da jar ƙasa. Ina tsaye ina murza makullin babur kamar in karya shi. Da ƙyar ya ce, shekaranjiya an ɗan samu rashin fahimta.

Dogon ya ce ba komai, Alhaji, sun saba. Ko barkar suna suka je, hatsi ake miƙo musu kafin su buɗe baki. Wannan "mun saba" ɗin ya fi ƙona mini rai fiye da a ce zagi ya yi. Ya ce masarar sun karɓa ne don kada a ce sun raina sadakar mamaci, kuma sun ba wata gwauruwa a nan unguwar da sunan marigayin. Mai wushiryar ya ƙara da cewa su ma da 'yar dawarsu suka je a ɗaure a bayan babur, gudummawar sadaka, sai ba su ga fuskar sauke ta ba.

Sai Baffa ya tambaye su me ya hana su zuwa gona yau.

"Zaman makoki muke yi," in ji dogon. "Da aka ce can ba wuri, sai muka shimfiɗa tamu a nan. Waɗannan biyun daga ƙauyen Taba suke zuwa kullum da safe."

Baffa ya ce, to su wa suka zo musu ta'aziyya?

"Ba kowa. Wa ya san mun yi rashi?" Ya gyara zama. "Alhaji, mu aikinmu a bayan mutum ake yinsa. Tun muna da baƙin gashi muke tsaye, idon kowa na kan na gaba. Mutum ɗaya ne ke kallonmu. In na yi kuskure, shi kaɗai ya sani, in na yi daidai ma haka. Yanzu ko an kira mu wasa, ban san inda zan duba ba."

Ban taɓa ganin Baffa a ƙasa ba sai a masallaci da gaban Iya. Ya tashi daga kujerar, ya tuɓe takalmansa, ya tsugunna a bakin tabarmar nan kamar kowane baƙo. Shi da aka kwana huɗu ana yi wa ta'aziyya, ya dubi tsofaffin nan ya ce, "Ya haƙuri?"

Suka ce, "Da godiya." Baki ɗaya, dogon a ƙasa, mai wushirya a sama, ɗayan a tsakiya. Ba da gangan suka yi ba, haka bakinsu ya saba. Na juya na kalli babur ɗina na daɗe ina duba tayar da ba abin da ya same ta.

Kada ku ce daga nan Baffa ya zama wani mutum daban. Muna hawa babur ya ce kada in kuskura in ba kowa labarin tsugunnon nan, kuma in sun zo ranar bakwai, ni zan tarbe su, in zaunar da su daga can ƙarshe, ba sai an yi ta bayani ba. Na ce to. A raina na ce wannan gida dai ɓoye-ɓoye gadonsa ne.

Ranar bakwai suka zo da sassafe cikin wankakkun riguna. Ƙofar gida ta cika, har da abokan kasuwancin Baffa daga Ikara, masu manyan motoci. Na tarbe su, ina neman inda zan cusa su a ƙarshen tabarma, wurin ya cushe ba masaka tsinke. Suka tsaya daga gefe, daidai inda aka ce sun tsaya a zuwansu na farko. Wani Alhaji da ke zaune dama da Baffa ya dube su sama da ƙasa, ya tambaya da ƙarfi yadda kowa zai ji, waɗannan fa daga ina?

Baffa ya ce aminan Baba ne.

Alhajin ya ce, au, abokan noman rake?

Na ga Baffa ya ɗauki carbinsa ya ajiye. Ya dubi liman, ya dubi mutanen Ikara, ya dube ni da wata irin harara kamar ni na aiko Alhajin. Na riga na sallama, na ce yanzu zai ce e a wuce wurin.

"A'a," ya ce. "'Yan amshi ne. Baba ya fi shekara arba'in yana zuwa jin su. Alhaji, ɗan matsa musu."

Alhajin ya matsa. Ba da son ransa ba, amma ya matsa, har da tattare babbar rigarsa. Suka zauna a jere kusa da Baffa, liman ya ɗaga hannu.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa kurakuransa, har da na bel ɗin inji. Ya haskaka kabarinsa, ya ba Iya haƙuri, ya ba tsofaffin nan uku haƙuri, mu ma ya ba mu. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.